Ɗan Sandan Da Ya Durƙusa

Motar 'yan sanda ba ta gama barin garin Dapaong ba, Shef Bukari ya bi 'yan sandansa ɗaya bayan ɗaya yana ɓalle sunayen da ke maƙale a ƙirjinsu. Ya raba musu hular kwano da baƙin ƙyallen rufe fuska.

"Yau babu mai suna," in ji shi. "Sokodé za mu. In ka bugi mutum, gwamnati ce ta buge shi."

Babu wanda ya kai Wahabu murna da wannan doka. Shi ɗan unguwar Zango ne a Sokodé, kuma matarsa Safara'u tana can gidan uwarta tana wankan jego, arba'in ta kusa. Uwar kuwa, Inna Zénabou mai sayar da cuku, tun ranar ɗaurin aure take cewa ba ta ga abin so a mai kaki ba. Ƙiris take jira ta riƙe 'yarta. Wahabu ya ɗaure ƙyallensa tam, har numfashi na yi masa wuya.

Shekarar ce da kowa ya koyi kalmar dimokuraɗiyya, har masu tura amalanke. Matan kasuwar Sokodé sun tare babban titi da tebura suna waƙar zambo. Shef ya busa usur, aka diro. Kulki ya yi ta aiki, tumatir da ɗankwali suka cika ƙasa, kuma duk wadda ta waiga don ta ga mai dukanta, baƙin ƙyalle take gani.

Wahabu bai taɓa kowa ba. Yana ta ɗaga kulki yana ihu don Shef ya ga ƙoƙarinsa, sai ya sha kwanar wata rumfa ya yi kiciɓis da Inna Zénabou, tana tsince cukunta daga cikin kwata.

Horon bariki na 'yan watanni ne, tarbiyyar Zango kuwa tun daga goyo. Kafin kansa ya yi shawara, gwiwoyinsa sun yanke hukunci. Ya zube a gabanta, ya ajiye kulki, ya sunkuyar da kai, har hannunsa ya kai ga igiyar takalmi zai cire, kamar yadda suruki yake yi.

Wata mai kifi ta ce, "Inna dai 'ya ɗaya gare ta, suruki ɗaya. Wannan Wahabu ne."

Kafin la'asar, duk wanda aka fasa wa kai a Sokodé ya san wanda ya fasa masa. Wahabu ne ya karya hannun mai kifi a bakin tasha, kuma a daidai lokacin shi ne ya kifar da tukunyar koko a ɗaya ƙarshen gari. Abin tausayi, 'yan sanda mota guda ne suka yi dukan, amma mai ladabin cikinsu kaɗai ke da suna.

Da 'yan kwamitin kare haƙƙin jama'a suka zo caji ofis da takardunsu, Shef Bukari ya tarbe su da fara'a. Dama mutum ɗaya yake nema ya miƙa musu, ya ɗauki laifin kowa. Ya tsayar da Wahabu a tsakar fili, fuska a buɗe, aka kira Inna Zénabou shaida.

"Hajiya, kin gane wanda ya durƙusa miki?"

Ta dube shi daga hula har takalmi, ba gaggawa.

"Fuskarsa a rufe take," ta ce. "Ban san shi ba."

Shef ya ciji leɓe, 'yan kwamiti suka rufe alƙalumansu, aka sallami kowa. Daɗi ya kama Wahabu har ya ji ƙwalla. Ashe tsohuwar nan tana ƙaunarsa bai sani ba.

Ya sa doguwar riga, ya sayi goro da sabulun jarirai, ya nufi Zango. A ƙofar gida ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi sallama. Inna Zénabou ta leƙo, bayan hannunta duk shatin kulki.

Daga ɗaki Safara'u ta ce, "Inna, wane ne?"

"Wani ɗan sanda ne," in ji Inna. "Ban san shi ba. Duk kamarsu ɗaya."

Ta tura ƙyaure, ta sa sakata.