Faifan Miss Vernelle

Shekara huɗu Shafa'atu ta yi tana jinyar Miss Vernelle Tibbs a wani ɗan gida a unguwar Jamaica, kusa da filin jirgin saman JFK, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa har kofuna su riƙa rawa a kan kanta. Daga Zangon Kumasi ta fito, kamfanin kula da tsofaffi ne ya turo ta. Wanka, magani, juya tsohuwa kada kwanciya ta ci mata baya, duk ta iya. Garmaho ne kawai ba wanda ya koya mata.

Miss Vernelle mawaƙiyar salon kiɗan soul ce, ko a ce ta taɓa zama. A 1974 ta fitar da faifai ɗaya tak, mai waƙa tara. Ya zaga gidajen rediyo na 'yan watanni, daga nan duniya ta juya mata baya. Shekara ashirin ta yi tana amshi a bayan waɗanda ba su kama ƙafarta a murya ba, su ne yau ake sayar da riguna masu hotonsu a shagunan Canal Street. Ita kuwa kwafi ɗaya ya rage mata, kwalinsa duk ya ci salatif.

Tsohuwar akwai masifa, ba a magana. Sai da ta zaunar da Shafa'atu kamar 'yar makaranta: faifai a gefe ake riƙe shi, yatsa ba ya taɓa fuskarsa, allura kuma a hankali ake sauke ta. Da farko Shafa'atu da istigfari take kunnawa. Kafin shekara ta zagayo, sai ga mai istigfarin nan tana bin amshi ƙasa-ƙasa a wurin wanke-wanke, in an kama ta ta ce tari take yi.

Wata rana tana taje mata kai, tsohuwar ta riƙe hannunta.

"Ba na son fasto, ba na son kuka. Ranar da zan tafi ki sa min faifaina, fuska ta biyu, har ƙarshe. Waƙar ƙarshe ni na rubuta ta da hannuna."

"Mama, na yi promise," in ji Shafa'atu. "In sha Allah."

Tsohuwar ba ta yarda da alkawarin da ba shaida, don haka ta kira Darlene, 'yar ƙanenta da ke Baltimore, ta sa aka maimaita a waya. Wata biyar bayan haka ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Muryar Miss Vernelle ba ta saura a ko'ina ba sai a cikin wannan baƙin faifan.

Ranar wata Talata da hantsi numfashinta ya sauya. Shafa'atu ta kira nas, aka ce sai nan da awa ɗaya. Ta kira Darlene, ita kuma ta ce ga ta nan ta kamo hanya. Sai ta wanke hannu, ta zaro faifan ta gefe, ta sauke allura yadda aka koya mata. Muryar budurwa 'yar shekara ashirin da shida ta cika ɗakin. Yatsun tsohuwar na hannun da bai mutu ba suka soma buga kiɗan a kan zanin gado.

Ana tsakiyar waƙar ƙarshe kakarin mutuwa ya fara.

Shafa'atu ta san wannan ƙarar, a bakin mahaifiyarta ta fara jin ta. A Zango, in rai ya zo fita, gida kaf ake kashe rediyo, mai talla ma a ƙofa sai ta yi shiru. Ba a tarbar mala'ikan mutuwa da ganga. Ba shawara ta yanke ba, ko kusa. Hannunta ne ya miƙe da kansa ya ɗage allurar, ta sunkuya a kunnen matar da aka yi wa baftisma a wani coci a Georgia, tana laƙƙana mata kalmar shahada.

Yatsun suka ci gaba da bugawa, sau biyu, sau uku, sannan suka tsaya. Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar, ta kai su wajen garmahon, ta dawo da su kan Shafa'atu. Da fushi ne a cikinsu da an samu sauƙi, don fushinta an saba da shi. Roƙo ne.

Nan Shafa'atu ta gane abin da ta aikata. Ta zabura, ta mayar da allurar, sai ta zame ta karce faifan da wata muguwar ƙara. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa, sai a karo na uku waƙar ta kama. Ko da ta juyo, Miss Vernelle ta cika, idonta a buɗe. Shafa'atu ta matso kusa da ita. Ta rufe mata ido, ta zauna a ƙasa, waƙar ta ƙarasa ita kaɗai ke ji.

Darlene ta iso bayan la'asar, nas ta gama cike takardunta. Ta tsaya kan gawar ta yi kukanta, sannan ta rungume Shafa'atu.

"Kin sa mata?"

"Na sa."

"Ta ji shi har ƙarshe?"

Shafa'atu mace ce da ko a takardar aiki ba ta taɓa ƙara minti ɗaya na ƙarya ba. Ta dubi fuskar Darlene, jiƙe da hawaye, tana jiran abu ɗaya kawai.

"Har ƙarshe," ta ce.

Darlene ta ƙara matse ta, tana ta godiya, tana cewa Allah ne ya aiko ta gidan nan. Shafa'atu ta tsaya a cikin rungumar, hannuwanta a sake, ta kasa ɗaga su.