Yashi a Bakin Bawul

Tun tsakiyar damina ƙanena Munzali ya fita da babur ɗinsa zuwa ƙauyukan Gwaram, har bazara ba shi ba labarinsa. Mun je wurin 'yan sanda, mun zaga asibitoci, an yi saukar Alƙur'ani. Sai wani direban tirela ya ce wai ya ga mai kama da shi a Fatakwal. Shi ke nan Inna ta riƙe wannan magana gam, duk wanda ya ce mata wani abu daban ya zama maƙiyinta. Matarsa Sadiqa kuwa tana nan a ɗaki, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Ni Badamasi, da nake babba, kullum na koma gida daga gareji sai an dubi fuskata ko na zo da labari.

Garejina yana bakin titi a Birnin Kudu, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri da babur ɗin da makanikan gari suka gama jagwalgwalawa sannan a turo mini. Irinsa aka kawo ran nan da hantsi. Tun daga nesa na ji shi yana tari, yana harbi ta kafireta. An fesa masa wani shuɗin fenti mai muni, an sake masa kujera. Mai shi dattijo ne mai farin gemu, ya ce sunansa Malam Zulkifli, yana koyarwa a wata Islamiyya a Gwaram.

"Malam Badamasi, kai aka ce in kawo wa," in ji shi. "Da safe sai na yi gumi kafin ya tashi. In ya yi zafi kuma sai ya mace, ko ɗan hawa ba ya iya yi. An canza filogi, an wanke kafireta, an yi setin bawul har na gaji da yi."

"An yi seti ko an ɓata?" na ce. "Matsa can, Malam."

Na taka kik da ƙafa. Lagwab, ya tafi ƙasa ba wata turjiya. Injin da ke da lafiya sai ya tokare maka ƙafa, wannan kuwa iska na zurarewa ta wani wuri. Bawul biyu ne a kan irin wannan inji, ɗaya na shigar da mai da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi, kuma tunda harbin ta kafireta yake fitowa, na san na shigarwar ne ba ya rufuwa. Na kwance murfin, na taɓa. Sun ɗaure shi tamau don kada a ji ƙas-ƙas. Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu ke nan, su a wurinsu in inji ya yi shiru to ya gyaru, ba su san haka ake ƙona bawul ba.

Na sassauta, na sake taka kik. Har yanzu lagwab. To, ba seti ba ne kaɗai. Na ce masa sai na sauke kan injin, ya ce bismilla, ya zauna a benci ya ciro carbi.

Da na ɗaga kan injin na juya shi a hannuna, wallahi sai da na nemi wurin zama. Bawulolin sun fi na irin wannan babur girma. An faɗaɗa musu mazauni, an goge hanyar shigar mai ta yi santsi, fistin ɗin ma babba ne. Ga kuma wani ɗan gurbi a gefe, inda magagari ta zame wa mai aikin. Ni ta zame wa. Ni na yi wannan aiki da hannuna bara, Munzali na tsaye a kaina yana cewa, "Yaya, so nake in na murɗa totur, kafin a ce wane ne, na wuce." Daga waje babur ne irin wanda ke cike da kowace tasha, amma in aka sake masa hanya babu ɗan acaɓar da ke ganin ƙurarsa tsakanin nan da Gwaram.

Na dubi Malam Zulkifli ta wutsiyar ido. Yana jan carbinsa yana kallon motoci. Na ce a raina, to ai ɓarawo ma yana da gemu. Babbar sifana na kusa da ƙafata, na jawo ta na ajiye a cinya.

"Malam, ka daɗe da wannan babur?"

"A'a, kwanan nan na saya."

"A hannun wa?"

"Akwai matsala ne?"

"Tambaya na yi."

"A hannun wani mai ɗibar yashi, can bayan Basirka. Shi ya yi masa fenti."

Na koma kan aikina, don in na ci gaba da kallonsa ban san abin da zan aikata ba. Na danne sifirin ɗin da ke riƙe bawul, na zare na shigarwa. Da ƙyar ya fito. Sandarsa duk tsatsa ta ciccinye ta, ta ɗan lanƙwashe, shi ya sa ba ya komawa mazauninsa. Na sa ɗan yatsa a ramin na shafo wani abu. Na murza. Yashi ne, lallausa, irin na gindin kogi. Na haska cikin silinda, sai ga zoben tsatsa ya zagaye ta, daidai inda ruwa ya kwanta ya daɗe.

Na juya injin a hankali ina kallon fistin yana hawowa. Bai kai bakin silinda ba, ya tsaya ƙasa kaɗan. Hannun fistin ya lanƙwashe ke nan. Babur ɗin da aka kashe aka jefar a ruwa ba ya yin haka. Sai in injin na gudu, totur a murɗe, ya haɗiyi ruwa maimakon iska. Wato akwai mutum a kansa lokacin da ya nitse.

Na mayar da sifanar ƙasa. Na gaya wa Malam Zulkifli komai, ban ɓoye ba. Ya daina jan carbi, ya yi ta salati, sannan ya ce, "Wallahi ban sani ba. Mai yashin ce mini ya yi tsintarsa ya yi a cikin yashi, an yi cigiya ba a sami mai shi ba. Tashi mu je wurinsa, mu hau na haya."

"A'a. A kan wannan za mu je."

Gaskiya tsoro nake ji. So nake in ja lokaci, kuma ban san wata hanyar jan lokaci ba sai aiki. Na sauke injin gaba ɗaya, na canza hannun fistin, na wanke ko'ina da fetur. Ina da ragowar manyan bawul daga wancan aikin, na sa sabo, na shafa man niƙa na yi ta murza shi a mazauninsa tsakanin tafukana har bakin ya yi fes. Ina murzawa ina ce wa kaina, ƙila sace shi aka yi, ƙila ɓarawon ne ruwa ya ci, ƙila Munzali na can Fatakwal yana jin kunyar dawowa ba babur. Na mayar da komai, na ba bawul ɗin 'yar tazarar da na san yana so, na daidaita iska da mai a kafireta.

Kik ɗaya ya tashi. Silo ɗinsa, wato kukansa a tsaye ba a murɗa totur ba, ya zauna daram, da wannan kaurin murya da ƙas-ƙas kaɗan a ƙarƙashi. Malam Zulkifli ya ce bai taɓa jin sa haka ba. Ni kuwa na sha ji, shi ya sa na juya baya na yi kamar ina neman tsumma.

Bayan azahar muka kama hanya, ni ke tuƙi, yana baya. Babur sai ja yake yana neman a sake shi, ni kuma ina riƙe shi. Muka wuce Gwaram, muka wuce Basirka, muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar ƙasa har bakin wani rafi da ya ƙafe ƙaf. Ga mutane da shebur suna loda yashi a amalanke. Malam Zulkifli ya kira wani tsoho ɗaure da rawani a ƙugu, ya ce wannan ne Baba Badaru da ya sayar masa da babur.

Tsohon ya ji bayani, ya dube ni, ya dubi babur, ya ajiye shebur ɗinsa.

"Can muka tono shi," ya nuna ƙasa da mashigi. "Nan in ruwa ya zo daga dutse ba ya sallama. Ka ga kamar iya gwiwa ne, kafin ka kai tsakiya ya kai wuya."

"Baba, mutum fa? Ba a ga kowa ba?"

Ya nuna can gangaren rafin.

"Da damina ruwa ya ajiye wani bawan Allah a ƙasa da gonata. Ba wanda ya san shi, ba waya, ba komai a aljihunsa. Mai gari ya sa aka yi cigiya a kasuwa, shiru. Muka yi masa sutura. Da na tono babur na yi tunanin ko nasa ne, amma wa zan tambaya?"

"Yaya kamanninsa?"

"Yaro, ruwa ya canza shi. Dogo ne dai. Ni na yi masa wanka. Haƙorinsa na gaba ɗaya a karye yake rabi, kuma tsohon karaya ne, ba na ruwa ba."

Ina wurin ranar da ya karye. Muna yara, Munzali na gudu da rake a baki ya faɗa kan turmin Inna. Na durƙusa a kan yashin nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Suka kai ni kabarin, a gefen maƙabartarsu, an sa masa ƙaya saboda dabbobi. Muka yi addu'a.

A hanyar dawowa Malam Zulkifli ya ce babur ba nasa ba ne kuma, na magada ne, amma ba zai bar ni in shiga gida ni kaɗai da wannan labari ba. Ni duk hankalina yana kan kalmar da zan fara da ita. In ce Inna, sai haƙuri? In fara kiran kawu? Wa zai gaya wa Sadiqa? Ina ta wannan saƙa da warwara har muka shigo gari gab da magariba, na karya kwanar layinmu, na rage giya kamar yadda kowa ke yi a nan saboda kwata. Ko kusa ban tuna in kashe injin daga bakin layi in tura shi ba.

Kafin in tsaya na ji an banko ƙofar zaure. Inna ce, ba takalmi, ba mayafi, hannunta duk garin tuwo. Sadiqa na bayanta riƙe da bango.

"Munzali!" in ji Inna, tana dariya tana kuka. "Ban gaya muku ba? Ga kukan babur ɗinsa nan! Ban gaya muku ba?"

Sai ta ga ni ne a kai. Ta leƙa bayana, ta ga baƙon dattijo yana saukowa yana cire hularsa. Na sa hannu na kashe injin.