Kason Farin Kare

Musbahu ɗan mafarauta ne gaba da baya, a dajin Falgore ya buɗe ido. Shi ya sa ranar da maigidansa Badr ya sauke wani farin kare a gidansa na unguwar Abhur a ƙasa mai tsarki, Musbahu ya dube shi sama da ƙasa ya taɓe baki. Kunnuwa a miƙe, jela a naɗe bisa gadon baya, gashi fari tas. Wai daga Japan aka kawo shi, Kishu ake kiran irinsu, kuma wai da su ake farautar aladun daji a duwatsun can.

"Wannan ɗin?" in ji shi ga Mariyamu mai girki, bayan karen ya kwana biyu a gidan. "Wata uku ko haushi ɗaya ban ji ba. A garinmu ko ƙashi ba zai samu ba."

"Halas, ya isa haka, Malam Musbahu, ka dai ba shi ruwa," ta ce. "Badr ya ce haka suke, shiru suke bin nama."

Shi aikinsa ban ruwan lambu. Shekara shida ke nan da ya zo umra ya maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ba abin da yake tsoro kamar ciwon da zai kai shi asibiti, don daga can sai jirgin gida, ga 'ya'ya huɗu da ke ci daga guminsa.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki tiyo a gindin dabino, sai karen ya sha gabansa ya ƙame, ido kur a kan tiyon.

"Kai, matsa!"

Ko gezau. Har ya ɗaga ƙafa zai ture shi, sai ya tuna haka karnukan mahaifinsa kan tsaya in sun ga abu. Ya bi idon karen. Kububuwa ce kwance a cikin naɗin tiyon, daidai inda hannunsa zai sauka. Da shebur ya gama da ita, sannan ya zauna daɓas yana ta hamdala.

A gidansu, karen da ya nuna nama shi ke fara cin hanta. Da la'asar Musbahu ya je wurin mahauci ya sayo, ya gasa da kansa. A da daga nesa yake jefa masa abinci, yau kuwa durƙusawa ya yi ya ajiye a gabansa.

"Na gode, ɗan'uwa," ya ce, idonsa ya kawo ruwa.

Mariyamu ta leƙo ta taga. "Ba kai ka ce ko ƙashi ba zai samu ba?"

"Ni na faɗa, Yaya. Ai kin ga ba ƙashi na ba shi ba."