Wankan Jego a Jirgin Gamzaki

Jirgin yana hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Taman Melati, a birnin Kuala Lumpur. Sunansa Gamzaki. Fa'iz ne ya raɗa masa, shi ne kuma kyaftin, yana da shekara takwas. Tun da aka rufe makarantu ya kifa kujerun falo, ya liƙa murafen kwalba a jikin kwali, ya sanar cewa gidan ya bar duniya ya nufi taurari. Ba wanda ya musa. Dama ba mai fita.

Ma'aikatan jirgin ba su da yawa. Akwai babansa Muntasir, mai karatun digiri na uku, da mamarsa Saudatu. Akwai kakarsa Hajiya Ɗelu, mahaifiyar Saudatu, wadda ta zo daga Gwarzo ganin jika aka rufe iyakoki tana ciki. Kafin hanya ta buɗe Saudatu ta samu ciki, Hajiya ta ce ba inda za ta sai ta ga arba'in. Haka jaririya Mu'minat ta shigo jirgin a tsakiyar tafiya.

Ba a daɗe da yin suna ba Saudatu ta tashi da zazzaɓi. Gwaji ya nuna korona ce. Sauran mutanen gidan ba su da ita. A asibitin unguwa aka ɗaura mata zare ruwan hoda a hannu, aka ce ta koma gida ta killace kanta, kuma kada kowa ya fita. Likitar ta tambaya ko akwai tsoho a gidan. Muntasir ya ce akwai: ta haura saba'in, ga suga, ga hawan jini, allurar rigakafi ba ta zo kanta ba.

"Idan ta kama wannan, ba a gida za ta yi jinya ba," in ji likitar. "Gadajenmu kuma sun cika."

Saudatu ta koma ɗakin ƙarshe, mai banɗaki a ciki, ita da jaririya. Aka rufe ƙofa.

Hajiya ba ta ga dalilin da zai sa wanka ya tsaya ba. Safe da yamma take tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya, ta fyaɗa wa 'yarta har ɗakin ya turnuƙe. Ganyen Ado ke kawowa, wani ɗan Kano mai kai wa ɗalibai kaya a babur, yana samowa wajen Indiyawan kasuwar Chow Kit. Washegari da safe, kamar kullum, ta ɗora tukunya.

Muntasir ya tsaya a bakin kicin, ya gaishe ta, ya koma. Shekara tara da aure bai taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Bai taɓa cin abinci a gabanta ba. A gida mai ɗaki uku, baranda yake kai kwanonsa. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ina zai fara ce mata kada ta shiga ɗakin 'yarta?

Ya sa Saudatu ta kira ta a waya.

"Iya, don Allah kada ki shigo."

"Auta, ni na haife ki. Ƙyanda ta kwantar da ku, ku shida, ni kaɗai na yi jinya. Ga ni."

"Wannan daban ce, Iya."

"Kowace cuta daban ce. Ruwa ya kusa."

Fa'iz yana ƙarƙashin tebur, da hular babur a kansa, yana tuƙi. Muntasir ya sunkuya.

"Kyaftin, an samu matsala. Injin nukiliya ya tsage. Tururi mai guba yana fita a ɗakin ƙarshe."

Fa'iz ya ɗaga gilashin hular. "Mama fa?"

"Ita ce injiniya. Tana ciki tana riƙe da injin. Ba mai wucewa sai da kayan kariya. Wanda jikinsa ya fi rauni kuma, ko kusa."

Yaron ya san korona ce. Ya dubi ubansa, ya dubi kicin, ya gane. Ya ɗauko salatef baƙi ya ja layi a ƙasa, a bakin lungun da ke kaiwa ɗakin. Ya rataya murfin tukunya da cokali a wuya. Hajiya ta fito da dammin ganye ta tarar da shi a tsaye, hannu a buɗe.

"Tak boleh, Iya. Ba a wucewa."

"Maigida, matsa in wuce. Ka bar mini yaren mutanen nan."

Maigida take kiransa tun ranar da ta sauka, shi kuma ya ce ya sake ta, ta tsufa. Kullum sai sun yi.

"Akwai radiyeshan."

"Wane ne shi?"

Fa'iz ya lalubo Hausarsa. "Wuta ne. Ba a ganinshi. Yana shiga ƙashi."

"Wuta ce, ba wuta ne ba. Kai da Hausa kamar mai tauna tsakuwa."

"Ke kika ce ni maigida ne. Maigida ya ce a'a."

Hajiya ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta gama ta ce, "To maigida, matarka ta ji. Amma ruwan nan sai ya taɓa jikin Auta."

Kyaftin ya raba aiki a tsaye. Iya ce shugabar tukunya, ruwa da kunun kanwa a hannunta suke. Baba zai sa rigar ruwa da takunkumi biyu, ya kai bokiti bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya dawo. Idan ya daɗe, kyaftin zai buga murfi. Mama za ta yi wankan da kanta, waya a jingine a kan famfo, Iya tana kallo daga falo.

Aka gwada. Ya yiwu.

"Ba haka ba," Hajiya take cewa, ta kusa cusa hancinta cikin wayar. "Wa ya ce ki shafa? Fyaɗawa ake yi. Kafaɗa. Ɗayar. Wannan ai sanyi kike tara wa kanki."

"Iya, da zafi!"

"Da sanyi za ki so shi?"

Da hantsi Ado yakan iso. Ba a barinsa ya hau. Yakan ajiye kaya wajen mai gadi, mai gadi ya sa a lif ya danna sha huɗu. Fa'iz ne mai magana da shi a waya.

"Jirgin kaya, jirgin kaya, kana ji?"

"Ina ji, ranka ya daɗe. Na tapau muku roti daga mamak, wato na ƙunso muku gurasa daga shagon Indiyawa, ga ganye, ga ƙafar saniya ta mai jego. Ka gaya wa Hajiya kanwar nan ita ce ta ƙarshe a duk Kuala Lumpur, wajen wata 'yar Zariya na roƙo."

"Ta ce ƙarya kake, lah."

"Kai, ni Hajiya za ta ce wa lah? Yaushe ta koyi yaren mutanen garin nan?"

Kwanakin suka yi daɗi, yadda ba wanda ya zata. Kowa ya san abin da zai yi idan ya tashi. Hajiya ta koyi cewa "an karɓa" idan kyaftin ya ba da umarni, tana faɗa tana murguɗa baki. Fa'iz ya yi mata lambar girma da murfin madara, ta maƙala a gefen mayafi ta manta da ita. Da la'asar sukan zauna a baranda su biyu. Jirgin ƙasa yakan wuce can ƙasa, babu kowa a ciki. Fa'iz ya ce wata duniyar ce suke wucewa. Hajiya ta ce duniyar da ba mutane ai kufai ce.

Ranar da abin ya so ya ɓaci, Muntasir yana ɗaki yana ganawa da malamarsa ta kwamfuta, kunnuwansa a toshe. Bayan azahar ne. Mu'minat ta fara kuka. Ta yi, ta yi, ba ta tsaya ba. Zazzaɓin Saudatu ya hau, muryarta ta waya ƙasa-ƙasa.

"Ta ƙi kama nono, Iya. Ni kuma jiri nake ji. Na kasa tsayawa da ita."

Hajiya ta ajiye carbi. Ta ɗaure zani. Fa'iz ya tare ta a layi.

"Iya, tak boleh!"

"Yau ba wasa, Fa'izu."

Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Ta ɗauke shi gefe da hannu ɗaya, ta tsallake salatef. Yaron ya kama murfi ya dinga bugawa da iya ƙarfinsa.

Ɗakin Muntasir yana tsakiyar lungun. Ya fito a guje, ya ga surukarsa ta nufo, saura kaɗan ta kai ƙofar. Bai ce tsaya ba. Bakinsa ba zai iya ba. Sai ya zube a gabanta, ya tsuguna a tsakiyar hanya, kai a ƙasa.

"Barka da yamma, Hajiya."

Ta tsaya cak. Lungun bai fi faɗin mutum ɗaya ba. In za ta wuce sai ta taɓa shi ko ta tsallake shi.

"Barka," ta ce, tana kallon bango.

"An wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya baƙunta?"

Shekararta ɗaya da rabi a gidan. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Kukan jaririya yana ƙaruwa a bayan ƙofa.

"Maigida," ta ce, ba ta juyo ba, "gaya wa babanka ya ba ni hanya."

"Baba, Iya ta ce ka ba ta hanya."

"Ka ce mata ina gaisuwa."

"Iya, ya ce yana gaisuwa."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ka ce masa na amsa."

"Ka ce mata," in ji Muntasir, har yanzu yana kallon ƙasa, "ni zan shiga. Ta faɗi abin da za a yi, in yi."

Hajiya ta saurari kukan, kai a karkace, kamar mai sauraren tafasar tukunya.

"Ciki ne," ta ce. "Iska ce ta riƙe ta. Tambaye shi, ya iya goyo?"

"Baba, ka iya goyo?"

"A'a."

"Iya, bai iya ba."

"Ina zai iya. Karatu dai." Ta ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, har ta koma bayan layi. Ta kwance majanyin da ke ɗaure a ƙugunta ta jefa ƙasa kusa da shi. "Ka ce masa in ya shiga ya shiga ke nan. Kada ya fito mana da wutar nan taku."

Muntasir ya sa takunkumi, ya ɗauki majanyi, ya shiga. Malamarsa tana nan a kwamfuta tana kallon kujera. Sai daga baya ya tuna da ita.

Fa'iz ya riƙe waya a falo, Hajiya ta zauna a gefensa. Ba ta kalli fuskar surukinta a wayar ba, hannuwansa take kallo.

"Ya kifa ta a cinyarsa. Ya shafa bayan. A hankali, ba kwaɓi yake yi ba."

"Baba, slow."

"Yanzu ya sunkuya. Auta, ɗora masa ita, ki tallafi kan. Ya ja zanin sama ya soke a hammata. Ba nan ba. Kai jama'a, namiji da hannu kamar itace. Majanyi a ƙasa. Ya ɗaure. To ya yi ta tafiya, yana ɗan girgizawa."

Muntasir ya yi ta kai da komowa tsakanin gado da taga, da zanin atamfa a ƙirji. Saudatu tana kwance, zazzaɓi bai hana ta dariya ba. Can jaririya ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta yi ajiyar zuciya, ta yi shiru.

"An gyara inji!" Fa'iz ya yi ihu.

"Rufe mana baki, za ka tashe ta," in ji Hajiya.

Daga ranar Muntasir ya zama ɗan ciki. Aka sake tsari. Hajiya tana cika bokiti rabi-rabi, Fa'iz yana tura su da sandar goge-goge har su tsallake layi, Muntasir ya ɗauka idan sun koma falo. Shi ya karɓi fyaɗa ganye, da umarni daga waya, ta bakin kyaftin. Bayan 'yan kwanaki ya daina jin ƙamshi, ya yi tari kaɗan. Hajiya ta ƙara yawan kunun kanwa, ta ce a gaya masa ya sha, tunda shi ma jego yake.

Zazzaɓin Saudatu ya sauka. Wa'adi ya cika, aka yanke zaren hannu. Ma'aikatan lafiya suka sake gwada na waje. Muntasir yana bayan ƙofa lokacin da sakamako ya shigo wayarsa. Ya karanta sau biyu.

"Kyaftin," ya ɗaga murya, "gaya wa Hajiya ba ta da komai."

"Iya, ba ki da komai!"

"Dama na ce maka ina da wani abu?"

Sai da aka goge ɗakin, aka buɗe tagogi, iska ta wuni tana shiga, sannan Fa'iz ya ɓamɓare salatef. Hajiya ta shiga. Ta karɓi Mu'minat, ta juya ta, ta duba cibiya, ta auna nauyinta a tafin hannu. Ta dubi Saudatu sama da ƙasa.

"Ba laifi," ta ce.

Ta fito da jaririyar falo, ta zauna a kan kwalin tuƙi. Fa'iz ya matso kusa da ita.

"Maigida, wai ina ma jirgin nan naka za shi?"

"Nesa, Iya. Bayan rana."

"To in za ku wuce, ka biya da ni Gwarzo. Na bar awaki a hannun mutane."