Gashin Toka

A shekarun da kuɗin fetur suka hau kan ma'aikatan gwamnati, soja na mulki, kowane ƙaramin akawu na jin kansa daidai da kowa, babu ɗakin girki a kwatas ɗin Sama Road da ya kai na Rifkatu kaya. Ga butar lantarki, ga injin markaɗe, ga na gasa burodi, uwa uba ga wani farin akwati mai ƙofar gilashi da mijinta Ishaya ya sayo a Ingila da ya je kwas. Maikirowef ake ce masa. Matan kwatas har sallama suke yi don su ga abin da ke dafa abinci ba wuta ba hayaƙi, su riƙe baki, su koma gida su hana mazajensu sakat.

Rifkatu nas ce, 'yar Bokkos ta ƙasar Jos, aiki ne ya kawo su Sakkwato. Wata shekara ta je gida ta ɗauko mahaifiyarta, Mama Tabita, saboda mantuwa ta fara cin tsohuwar. Ta ɗora tukunya ta manta, ta je gona ta kasa gane hanyar gida. Rifkatu ta sha ganin irin wannan a asibiti, ta san inda yake ƙarewa. Abin da take tsoro ɗaya ne, ranar da uwar da ta haife ta za ta dube ta ta kasa gane ta.

Tsohuwa ta iso Sakkwato ta ƙi abinci. Tuwon shinkafa ta ce ba ta ci, fura ta kau da kai. Ita dai dankalin turawa gasasshe, irin wanda ta yi rayuwarta tana nomawa. Ishaya, Allah ya saka masa, ya samu wani direba da ke zuwa Jos ya riƙa taho musu da buhu, ana shanya shi a ƙasan siminti don kada zafin garin ya ruɓar da shi.

Nan fa akwati ya samu aiki. Rifkatu ta wanke dankali, ta tsattsaga shi da cokali mai yatsu don kada ya fashe, ta shafa mai da gishiri, ta saka ta murɗa. Kafin ta gama ɗaura farar hularta ƙararrawa ta buga. Ta raba shi biyu, ta sa man shanu da yaji, ta ajiye a gaban tsohuwa, ta ce sai ta dawo, ta fice. Ya nuna kuwa, laushi har ciki. Amma Mama Tabita sai ta jujjuya shi, ta dubi bawon nan fari fat kamar bai ga wuta ba, ta ci loma biyu ta ture.

Kada kowa ya zagi Rifkatu. Mace ce mai aikin safe da na yamma, ga yara, ga miji mai baƙi, ga marasa lafiya jere har baranda. A ganinta duk abin da zai rage mata lokaci alheri ne. Wa ya taɓa gaya mata cewa akwai lokacin da bai kamata a rage ba?

A bayan gidan akwai ɗakin mai gadi, Mode, da matarsa Lami, mutuniyar ƙauyen Kwalkwalawa da ke bayan gari, dattijuwa ce mai sanyin hali. Murhunta na duwatsu uku ne, a gindin dogon yaro. Wata rana Mama Tabita ta ƙulle dankali a bakin zane, ta lallaɓa har murhun, ta tona toka mai zafi ta binne, ta samu wuri ta zauna. Gashin toka kuwa ba ya son gaggawa. Sai dai a zauna a jira, a taɓa da tsinke, a sake rufewa. Lami ta jawo tabarma tana tsince shinkafarta, suka zauna tare. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Rifkatu har murna ta yi. Tsohuwa ta fara cin abinci, ta samu abokiyar hira. Ishaya ne kawai ke mita a kan toka a kujerun falo, shi ma daga baya ya gaji ya yi shiru.

Ana nan, wata rana aka sallami Rifkatu daga aiki da wuri, ta dawo da la'asar sakaliya. Tun daga ƙofar baya ta ji muryar uwarta tana zuba magana da yarensu na gida, doguwar magana mai kai da gindi, irin wadda rabonta da ji tun kafin ciwon. Sai ta tsaya a bayan bango.

Labarin ranar da aka tafi da Rifkatu makarantar kwana ta mishan tsohuwa take bayarwa, tana ƙarama, haƙoran gaba ma ba su gama fitowa ba. Ta ce ta bi motar mishan ɗin a ƙafa har bakin rafi. Ta ce ba ta yi kuka a gabanta ba don maigida ya hana, amma damina guda ba ta iya shiga gonar da suke zuwa tare ba. Sannan ta kama hannun Lami ta ce, "Rifkatu, ba don ba na son ki na bari suka tafi da ke ba. Kin ji ko?"

Lami, wadda ko kalma ɗaya ba ta ji a yaren, ta ce, "To, Inna. Hakanan ne, Inna."

Rifkatu ta jingina da bango. Wannan maganar ita take jira tun tana yarinya, ta girma tana zaton uwarta ko a jikinta ranar. Ga shi yau an faɗe ta, an miƙa wa wadda ba ta san me aka ba ta ba. Baƙin ciki ya kama ta, da kishi kuma, gaskiya, kishin matar mai gadi.

Da ta tare Lami daga baya, kunya ta kama baiwar Allah. Ta ce an jima tsohuwa na kiran ta da sunan, ta rasa bakin faɗa ne. "Wallahi Sista, ban san abin da taka hwaɗi ba. In na ce ba ni ce ba sai ta kama kuka, shi ya sa nika amsawa."

Rifkatu ba ta yi mata faɗa ba, da wane baki? Hutu ta ɗauka. Ta sa aka sayo itace, ta jera duwatsu uku a bayan ɗakin girkinta. Sannan ta roƙi Lami ta je Kwalkwalawa ta kwana biyu wurin 'yan'uwanta, ta haɗa ta da sabulu da turmin atamfa. Lami ta gane, ta ɗaure kayanta ta tafi.

Hannun da ya saba da murɗa maɓalli ya sha wuya. Hayaƙi ya cika mata ido, dankalin farko ya ƙone ƙurmus don ta saka shi wuta na ci. Ta bari itace ya zama garwashi, garwashi ya yi toka, ta binne wani. Ta shimfiɗa tabarma ta kamo hannun uwarta suka zauna. Babu inda za ta je yau, ko asibiti zai kama da wuta.

Mama Tabita ta daɗe tana kallon murhu. Can ta juyo ta ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah." Da Hausa ta faɗa, harshen da take yi wa baƙi da mutanen kasuwa.

Rifkatu ta amsa da yarensu. Ta ce ita ce Rifkatu. Ta kira sunan mahaifinta, da sunan rafin, ta ce ta ji maganar motar mishan, ta ji, kuma ta yafe tun tuni. Tsohuwa ta saurara da murmushi, irin na mai jin daɗin haɗuwa da ɗan gari a nesa. Da Rifkatu ta gama, sai tsohuwa ta tambaye ta, da Hausa dai, 'yar gidan wa ce a Bokkos, ta iya yare haka.

Dankali ya nuna. Tsohuwa ta tono shi da tsinke, ta jujjuya shi a tafin hannu tana hurawa, ta kakkaɓe tokar. Bawon ya yi baƙi-baƙi ya ƙame, cikin ya fito rawaya yana tururi. Ta raba biyu ta ci rabi a hankali, har da lumshe ido. Ɗaya rabin ta ƙulle a bakin zane.

"Yi haƙuri ban ba ki ba," ta ce. "Na 'yata ne. Ta je unguwa, tun jiya ban gan ta ba." Ta dubi ƙofar ɗakin mai gadi da ke rufe. "Ko dai sun sake tafiya da ita?"

Rifkatu ta ga hawaye na taruwa a idon uwarta, ta san tsohuwa ta koma bakin rafin nan, tana tsaye ita kaɗai. Ta buɗe baki za ta sake cewa ita ce, sai ta haɗiye.

"A'a Mama, ba su tafi da ita ba," ta ce da Hausa. "Yanzu za ta dawo."

Ta tashi ta goge fuska da gefen zane, ta zagaya bakin get inda Mode ke zaune. Ta ce ya ɗauki kekensa ya je Kwalkwalawa kafin rana ta faɗi, ya ce wa Lami ta yi haƙuri ta dawo, uwarta na neman ta.