Sabon Albarushin Abdulsalami

Tun da sabon gwangwanin albarushi ya shiga gidan Abdulsalami a unguwar Perry Barr ban ƙara samun sakat ba. Ina Manchester, yana Birmingham, amma kullum sai wayata ta yi ƙara, kuma maganar ɗaya ce: kamfani ya cuce shi.

Ni Bobai akanta ne, shi injiniya. Harbin takarda ne ya haɗa mu a wani kulob da ke bayan gari, inda dattawa da furfurarsu ke kwanciya rub da ciki suna huda baƙin da'ira daga nesa, kamar waɗanda suka rasa aikin yi. Ni harsashin kanti nake saye. Abdulsalami kuwa da hannunsa yake haɗa nasa, yana auna albarushi a kan ɗan sikeli da tsantsenin da ko mai sayar da zinariya bai kai ba. Matarsa ta ce da zai ba gishirin miya rabin wannan kulawa, da tuni ta bar masa kicin. Kuma ya iya harbi, ba na ƙwace masa. A kulob ɗin nan Turawa ma wurinsa suke zuwa neman shawara, shi kuma yana ba su yana hura hanci.

Masu wannan aiki sun san albarushi kamar barkono yake: gona ɗaya, iri ɗaya, amma na bana yana iya fin na bara yaji. Suna ɗaya ne a jikin gwangwani, sai dai kowace fitowa da halinta. Saboda haka da harbinsa ya fara warwatsewa a daidai lokacin da tsohon gwangwani ya ƙare, kowa ya yarda da shi, har da ni. Ya rage awo, ya sake gwadawa, ya wanke bindiga, ya zagi kamfani. Shiru kake ji.

Sai ga 'yarsa Ramlat, likita ce a nan Manchester, ta zo gidana wata Lahadi da yamma. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

"Uncle, ka taɓa lura da hannun Baba in ya ɗauki kofin shayi?"

Na ce ban lura ba.

"Rawa yake yi. Na yi na yi ya je wurin GP, likitansa, ya ƙi. Ya ce in GP ya rubuta wani abu, police za su karɓe masa licence ɗin bindiga. Wai laifin powder ɗin harsashi ne kawai, in ƙyale shi."

Na san abin da harbin nan yake a wurinsa tun da ya bar aiki, kuma na ji tsoro dominsa ƙwarai.

Akwai al'ada a kulob ɗinmu: in mutum ya ɗora wa harsashinsa laifi, yakan miƙa bindigar da harsashin ga wani ya harba, a raba gardama. Abdulsalami da bakinsa ya nemi haka. "Zo ranar Asabar ka gwada sabon batch ɗin albarushin nan da kanka, ka daina yi mini kallon mai ƙorafi."

Duk tsawon hanya ina tuƙi ina saƙawa ina kwancewa. Ɓata harbi da gangan ba wuya, ɗan numfashi kawai za ka saki lokacin jan kunama. Ni kuma ba gwani ba ne, ba wanda zai zarge ni. Zai koma gida da fara'arsa, ya ci gaba da zagin kamfani har bazara. Ina laifin wannan, tsakani da Allah?

Ranar akwai sanyi amma ba iska. Shi ya fara harbi, ramukan suka bazu a takarda kamar kaza ta yi tsattsaga. Ya tashi ya ba ni wuri, ya durƙusa kusa da ni yana duba ta madubin hangen nesa.

Na farko ya tafi sama da tsakiya.

"Ka gani ko! Ka gani, ɗan Kaduna?"

Na biyu ya faɗa gefen na farko, har suna taɓa juna. Na sa na gaba, ina shirin sakin numfashin nan, sai idona ya faɗa kan gwiwarsa. Hannunsa na dama yana kai, yana kaɗawa, ya sa na hagu ya danne shi da ƙarfi har jijiyoyi suka fito. Ashe ya sani. Mutumin da ba ya yarda da awo sai ya maimaita shi, bai kira ni daga Manchester don in yi masa ƙarya ba. Haushin kaina ya kama ni. Na riƙe numfashi na harba sauran iya iyawata.

Da aka kawo takardar, ramukana duk suna wuri ɗaya, marfin kwalba zai rufe su.

"Ka yi gaskiya, Injiniya," na ce. "Wannan batch ɗin ya fi wancan zafi. Dubi yadda ya ɗaga sama."

"Ya ɗaga," ya ce. Ya daɗe yana kallon takardar. "Amma bai warwatse ba."

Ya zauna ya goge bindigar a hankali, tun daga baki har gindi, kamar yadda yake yi kullum, ni kuma na tsaya riƙe da jakarta. Wani Bature ya zo da tambaya a kan sikelinsa, Abdulsalami ya amsa masa dalla-dalla, har da ɗan murmushi.

A wurin ajiye motoci ya tambaye ni, "Ramlat ce ta turo ka?"

"Kai ka kira ni."

Ya yi 'yar dariya. Ya ciro wayarsa zai kira ta, yatsansa ya danna wani suna daban. Ya kashe, ya sake gwadawa, ya sake kuskurewa. Sai ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba.

"Nemo mini ita, Bobai. Ka ce ta faɗi ranar da take free, ta zo ta raka ni wurin likitan."