Ranar da Kaka Ta Sake Amsa Zabura

Ikilisiyar ba ta da girma, amma tana da rufin kwano mai kyau, da ganga, da mawaƙa masu murya. Abin da suka rasa shi ne baki ɗaya wajen karatu.

Al'adarsu ce kowace Lahadi mai jagora ya karanta aya ɗaya ta Zabura, jama'a su amsa da ta gaba. Tun da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta zo abin ya dagule. Wasu na riƙe da tsohuwa, wasu sabuwa, in an zo amsawa sai ka ce kasuwa ce ta ci. Daga baya dattawa suka yanke cewa da sabuwar kaɗai za a riƙa amsawa.

Gardamar ba ta mutu ba, gidan su Auta ta koma. Babanta tela ne, yana bayan sabuwa. Baffanta, wan baban, kafinta ne, yana bayan tsohuwa.

"Yaya, fisabilillahi, kalmomin da ke cikin naka ko kai sai ka tsaya ka yi tunani," in ji tela yana taka keke.

"Gara in tsaya in yi tunani. Naka kuwa kamar ana karanta labaran rediyo."

Kaka, mahaifiyarsu, ba ta sa baki. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin rubutu, amma Zabura ta tsohuwar fassara tana kanta tun tana budurwa. Yanzu in ana amsawa sai ta yi shiru, hannu a cinya. Wata rana ta ce wa Auta, "Ƙawata, daga yanzu ku riƙa tafiya ku bar ni. Me zan je yi, zaman kurma?"

Maganar ta tsaya wa Auta a rai, domin ita ke riƙe hannun Kaka zuwa sujada. Ga shi a makon nan malamar yara ta zaɓe ta ta jagoranci karatu.

Da yamma ta zauna a bakin ƙofar shagon babanta tana gwaji. Ta karanta ayar farko a sabuwar fassara, ta tsaya ta ja numfashi. Sai Kaka, daga kan tabarmarta, ta maimaita wannan ayar a tsohuwa, a hankali, ba gargada. Auta ta karanta ta biyu, Kaka ta sake bin ta. Kalmar da ta yi wa Kaka baƙunta, ta san ta yanzu. Wadda Auta ta saba wucewa da gudu, ta ji nauyinta.

Keken ɗinki ya tsaya. Kafinta, da ke shan shayi a shagon, ya ajiye kofinsa.

"Ƙane, ka ji abin da na ji?"

"Na ji, Yaya. Ashe ba sai sun yi karo ba. Ɗaya ta bi bayan ɗaya."

"To ɗauko hularka, mu je wurin fasto kafin ka canza ra'ayi."

Ran Lahadi fasto ya bayyana sabon tsari: mai jagora da masu sabuwa su karanta aya, masu tsohuwa su amsa da ita wannan ayar. Auta ta hau kan ɗan akwati don ta kai teburin karatu. Ta karanta, rabin ɗakin na tare da ita. Amsa ta taso daga ɗaya rabin, muryar Kaka a gaba, tsofaffi na bin ta kamar an buɗe famfo. Karatun ya ninka tsawonsa, ba wanda ya duba agogo. Da aka kai ƙarshe mai ganga ya kasa haƙuri ya hau kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa.

A ranar Auta ta gane cewa littafin babanta da na baffanta magana ɗaya suke faɗa, kuma ba sai wani ya yi shiru ba kafin wani ya karanta.